Shekarar da Na Haddace 'Yan Masaƙa

Na ji abin da kuke faɗa a bayan idona, ku da matanku da mazajenku, wai Umma da tsufanta ta zama 'yar ƙwallo, ta haddace sunayen Turawa kamar mai shirin shiga musabaƙa, har ta yi abin da ya raba ta da Gwaggo Tabawa. Kuna faɗa kuna dariya. To ku yi dariyarku, ban hana ba. Amma tunda kowa ya ba da nasa labarin, ku zauna ku ji nawa, don ni abin ya faru a kaina.

Yayanku babba shi ne ɗan farina. A Kibiya na haife shi, a ɗakin mahaifiyata Inna, kuma da aka yaye shi ita ta riƙe shi, ni na ci gaba da zamana a Rano a ɗakin babanku. Ku 'yan yanzu da kuke ɗaukar ɗan fari kuna cilla shi sama kuna kiran sunansa a gaban surukai, ba za ku gane ba. A lokacinmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka ma kau da kai take yi har wata ta zo ta ɗauke shi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Ni mutumin Kibiya nake ce masa. In ya zo hutu ya durƙusa ya ce, Hajiya ina kwana, sai in amsa ina kallon tukunya. Haka Inna ta yi wa yayana, haka kakata ta yi wa nata, ban taɓa jin wani ya ce an cuce shi ba.

Yadda ƙwallo ta ɗauke shi daga filin firamare na Kibiya zuwa Kano, daga Kano zuwa ƙasar Holan, wannan ku kun fi ni sani. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kafin ya tafi babanku ya rasu, bai daɗe da isa can ba kuma Inna ma ta rasu. Mutum biyun da suke kiran sunansa da baki cike sun tafi ke nan. Gida ya rage daga ni sai ku, sai Gwaggo Tabawa, yayar babanku, wadda ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta. Mace ce mai kirki, mai riƙon al'ada kamar ta ci babu. Tare muke suyar ƙuli-ƙuli, kwano ɗaya muke ci.

Da labari ya bazu cewa ɗan gidan babanku Malam Sule direba yana buga ƙwallo a Turai, sai garin nan ya ɗauka. Masu Keke Napep har ƙin karɓar kuɗina suke yi. Samari suka cika gidan kallo suna jiran su gan shi a akwatin talabijin, sati ya zo ya wuce, babu shi babu labarinsa. Sai magana ta fara canjawa. Wata rana a kasuwar Rano na ji wani mai tireda yana cewa, ashe ƙungiyar ƙauye ce, ko a talabijin ba a nuna su. Na dawo gida raina a ɓace, na sami 'yar'uwarku Hadiza ta dawo daga makarantar da take koyarwa a Madachi. Ba zan iya cewa ta nuna mini hotonsa ba, balle in tambayi yadda yake. Sai na zagaya.

"Ke Hadiza, wai wane irin gida ne wannan da suka karɓi ɗan mutane? Ko aure za a bayar ai sai an binciki asali."

"Umma, kulob ne fa, ba gida ba."

"Ko ma mene ne, ai yana da iyaye. Duba mini."

Ta buɗe wayarta. Wayar tana juya yarensu zuwa Turanci, ita kuma tana juya mini zuwa Hausa, ina ɓarar gyaɗa ina saurare. Wallahi na zauna ne don in ji abin da zan mayar wa mai tireda, amma kafin a kira magariba na manta da shi. Sunan kulob ɗin harshena bai taɓa iya shi ba, kamar mutum yana kaki yake fita. Amma da na ji cewa masaƙa ne suka kafa shi, leburorin wata babbar masana'antar tufafi, tun zamanin kakannin kakanninsu, sai na ce shi ke nan, 'Yan Masaƙa ke nan, kuma sunan ya bi su a gidan nan har yau. Wai bayan sun tashi daga aiki hannu duk kanta suke haɗuwa a wani fili bayan masana'antar su buga. Daga baya suka haɗe da wata ƙungiya ta unguwar coci wadda da ba sa ga-maciji da juna, aka yi ta rigima a kan launin riga, ƙarshe aka raba rigar biyu kowa ya sa nasa. Masana'antar ta mutu tuntuni, an rushe ta an yi gidaje, amma ƙungiyar tana nan. Na ce ikon Allah, uwa ta mutu ɗa ya rayu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ba su taɓa cin kofi ba. Ko sau ɗaya. A rukuni na biyu suke tun fil azal. Sau ɗaya suka taɓa haurawa rukunin manya, aka yi musu dukan kawo wuƙa kakar wasa guda, suka sauko, kuma har yanzu tsofaffin garin suna ba da labarin wannan shekarar kamar masu labarin aikin Hajji. An taɓa cewa za a rufe su saboda talauci, mutanen gari suka fito, mai gasa burodi da mai gyaran keke da tsofaffin mata, suka yi karo-karo suka tashe su. Filin nasu ma ɗan ƙarami ne, taron kasuwar Rano ya fi shi cika, ciyawarsa kuma ta roba ce, ba ta tsiro ba ta bushewa. Na tambayi Hadiza, to mutum ya yi ta bin abin da ba ya cin nasara tun yana yaro har ya yi furfura, me yake samu? Ta ce ita ma ba ta sani ba. Na kwana biyu ina juya abin a raina. Sai na tuna gonar babana ta hanyar Rurum, mai duwatsu, wadda ba ta taɓa cika rumbu ba, amma da wani ya zo saye sai da Baba ya kore shi da sanda. Na ce to, mutanen nan na gane su.

Daga nan fa na shiga 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai tsaron gida, wani zabgege da na sa wa Dogo, wanda kakansa ma shi ya tsare musu gida a zamaninsa. Akwai kyaftin ɗinsu, Tsoho, ɗan baya ne, a garin aka haife shi, manyan ƙungiyoyi sun neme shi ya ƙi tafiya, gwiwoyinsa duk ɗinki. Akwai Jan Gashi mai saurin fushi, kullum alƙalin wasa yana ɗaga masa kati. Akwai Yusufa, iyayensa 'yan Maroko ne, Musulmi, shi ne abokin azumin mutumin Kibiya. Sai wasu samari biyu da Hadiza ta ce mini aro aka yi daga wata babbar ƙungiya.

"Aro? Aron mutum?"

"Eh, Umma. In kaka ta ƙare a mayar da su."

"Tabɗi! Kamar turmi. To in ya karye a hannunsu fa, wa zai biya?"

Hadiza ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ni da gaske nake tambaya. Na san kocinsu mai sanƙo da ba ya zama a benci. Na san dattijon da yake wanke musu riguna tun yana saurayi. Na san tsohon direban bas da matarsa waɗanda suka ba yayanku ɗaki a gidansu, matar ta daina shigo da naman alade gidan saboda shi, Allah ya saka mata. Ranar Juma'a da yamma suke wasa. Ina idar da salla sai in jawo tabarma kusa da Hadiza, ta riƙa karanto mini abin da ake ciki, ni kuma ina jan carbi. Gwaggo Tabawa tana gefe tana taɓe baki, tana cewa yau kuma arnan naki sun ci ko an cinye su? Amma ita ma kunnenta yana wurin.

Ku fahimci abin nan da kyau, don shi ne gaba ɗaya maganar. Ni ba Dogo ne ya dame ni ba. Idan na ce yaya kafaɗar Dogo, ina so in ji ko wanda yake bayan ɗana lafiyarsa ƙalau. Idan na tambayi Yusufa, ina so in ji ko ɗana ya sami abokin shan ruwa. Idan ya bugo waya ya gama da ku aka miƙo mini, sai in tambaye shi Tsoho, in tambaye shi matar direba, in tambaye shi sanyin garin, shi kuma yana amsawa, ni kuwa muryarsa nake saurare, ina auna ko ya rame ko yana tari. Duk macen da ta girma a Kibiya ta san wannan hanyar. Na ɗauka shi ma ya sani, tunda a Kibiyar ya girma.

A shekararsa ta uku a can sai kulob ɗin suka shirya wani abu. Wai suna da ranar iyaye mata, za su nemi uwar kowane ɗan wasa ta yi ɗan gajeren bidiyo tana gaishe da ɗanta, a nuna a babban allon fili kafin a fara wasa. Hadiza ta zo mini da maganar tana ɗari-ɗari. Na ce mene ne abin tsoro, kawo wayar. Na yi wanka, na ɗaura atamfata ta salla, na yafa mayafi, na zauna a gindin dalbejiyar tsakar gida. Na yi sallama, na gaishe da koci, na gode wa direba da matarsa. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na gaskiya, waɗanda na yi wata da watanni ina murɗa harshe a kansu. Na yi wa Dogo addu'ar Allah ya tsare masa raga, na ce wa Jan Gashi ya rage zuciya, na ce Allah ya ƙara wa gwiwar Tsoho lafiya, har 'yan aro ban bari ba, har mai wankin riguna. Na rufe da cewa Allah ya haɗa kanku, ya sa ku riƙe amanar baƙon da yake cikinku. Gwaggo da kanta ta ce, kai, wannan addu'a ta yi. Ni ma na tashi ina jin na yi wa ɗana abin da babu uwar da ta taɓa yi a Rano.

Aka nuna shi da fassara a ƙasa. Hadiza ta ce filin gaba ɗaya ya miƙe da tafi, wai wata tsohuwa daga Afirka ta san sunan mai wankin riguna. Dattijon har kuka ya yi. Suka aiko mini da riga da mayafin wuya mai launinsu, ga su nan a akwatina. Abin da ban sani ba shi ne, kafin nawa an nuna na sauran uwaye, kowacce ta kira sunan ɗanta, ta ce ina sonka, ina alfahari da kai, wata har da sumbatar waya. Sai nawa ya zo, na kira kowa da kowa, na bar mutum ɗaya. Yana tsaye a tsakiyar fili yana jira har allon ya mutu. Jan Gashi ya dafa kafaɗarsa da wasa ya ce, mamarka ta manta da kai. Shi ma ya yi dariya, in ji Yusufa, amma bai ci abinci ba a ranar.

Ba a yi wata biyu ba gwiwarsa ta tsinke a wani wasa. Aka yi masa aiki, likita ya ce zai yi tafiya amma ƙwallo irin ta da sai dai haƙuri. Kwantiraginsa kuma yana ƙarewa a ƙarshen kakar. Ya rage kiran waya, daga baya in an miƙo mini sai ya ce ana kiransa. Na lura, na yi shiru, ina cewa zafin ciwo ne. Sai ranar wata Asabar da la'asar Hadiza ta shigo idonta jawur, muna tsakar gida ni da Gwaggo muna murza tunkuza.

"Umma, na ce masa ya dawo gida ya yi jinya. Kin san abin da ya ce?"

"Faɗi mana."

"Ya ce in dawo wurin wa? Baba ya tafi, Inna ta tafi. Hajiya kuwa ta san sunan kowa a Holan ban da nawa. Ya ce zai nemi aikin ɗaukar kaya a can, kada mu sake sa ran ganinsa."

Kamar an zuba mini tafasasshen mai a ƙirji. Na ji zafi, na ji haushi kuma, ba zan ɓoye muku ba. Yaron da na yi shekara uku ina haddace Turawa saboda shi! Na ce ba ni wayar. Gwaggo ta tsayar da hannunta a cikin kwano, ta dube ni, don ta gane abin da zan yi tun kafin ni in gama ganewa.

"Zainabu, kada ki soma. Yaro ne, zafin ciwo ne, zai huce."

"In bai huce ba fa, Gwaggo?"

"Sai a yi masa addu'a. Uwarki ta mutu ba ta taɓa kama sunan yayanki ba, ya lalace? Ki tsufa da mutuncinki. Abin da kika riƙe tun kina yarinya, yau za ki zubar a gaban 'yarki saboda Turawa sun yi?"

Ba ƙarya ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta yi mini nauyi. Kunyar nan ita ce abin da ya rage mini na Inna. Ban gaji gona ba, ban gaji zinariya ba, ita na gada, kuma ina alfahari da ita. Amma yayana da ake ba ni misali da shi, a Kibiya ya zauna, kullum yana ganin wa ake ajiye wa tuwo mai ɗumi, wa ake leƙowa ta taga in ya fita. Shi wannan yana can bayan teku a ɗaki shi kaɗai da sandunan dogarawa, ba ya ganin komai, sai abin da kunnensa ya ji. Na ce wa Gwaggo ta yafe mini. Na ce wa Hadiza ta kira, in bai ɗauka ba ta kira matar direba ta kai masa har gado.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Gwaggo ta ɗauki tabarmarta ta shige ɗaki, kuma daga ranar ba mu sake cin abinci kwano ɗaya ba har Allah ya karɓi abinsa. Tana amsa gaisuwata, na yi jinyarta, ni na rufe mata ido, amma ba ta sake shiga ɗakina ba. Magana ta kai Kibiya, matan gidanmu suka sa mini Baturiya, a gidan suna in na shiga sai a yi ƙus-ƙus. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi, musamman na Gwaggo, don ina sonta. Kun kuma san yayanku ya zo da damina yana ɗingishi, ya yi wata uku a ɗakin babanku, sannan ya koma, 'Yan Masaƙa suka ba shi yara yana koya musu, kuma babu babbar sallar da ta wuce tun lokacin bai yi ta a Rano ba. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da aka faɗa a wayar, don Hadiza ta ba ni ta juya baya, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ya ɗauka da wata murya kamar ta wanda aka tasa daga barci.

"Hajiya, ina wuni. Dogo lafiyarsa ƙalau, Tsoho ma haka."

"Ba su na kira ba."

Na murɗa sunayen Turawa masu kaki duk sun fita, amma wannan ɗaya ya tsaya mini a maƙogwaro. Na rufe ido na ce bisimilla.

"Munzali."

Na ɗauka layin ya yanke, har na ciro wayar daga kunne na duba.

"Munzali, da kai nake. Yaya ƙafar taka?"

Sai na ji babban mutum, mai gemu, yana kuka kamar ranar da aka yaye shi. Na bar shi ya yi, ni ma nawa yana zuba a kan tunkuza. Da ya sami bakin magana sai ya ce,

"Wallahi Hajiya, wani lokacin har cewa nake anya kin ma san shi kuwa."

Na ce, "Kai, tafi can, sakarai. Babanka sunan mahaifinsa ya so sa maka. Ni na aiki Inna wurinsa a ɓoye ana gobe suna, na ce in ba Munzali ba, ba na so."